Gawar da Ƙasa Biyu Suka Ƙi

Kwana tara ke nan gawar Zayyad tana cikin firjin asibiti, Babayo kuwa yana ta yawo da fayil a hammata daga wannan ofis zuwa wancan.

Shekara shida suka yi a ɗaki ɗaya bayan titin Huanshi Lu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, suna saro takalma a unguwar Liwan suna turawa gida. Ciwon ƙirji na kwana biyu ya ɗauke Zayyad. A asibiti aka faɗa wa Babayo a fili cewa ko a kawo wasiƙar ofishin jakadanci, ko ɗan'uwa na jini ya zo ya sa hannu. In babu ko ɗaya, ranar Juma'a za a ƙone gawar, kamar yadda ake yi wa wadda ba ta da mai ita.

Wasiƙar ce ta gagara. Bara ƙasar su Babayo da Zayyad ta sauya suna, ta ɗauki na wata tsohuwar daula. Maƙwabciyarta ta ce ba ta yarda ba, ai kufan birnin daular da kaburburan sarakunanta a cikinta suke. Aka janye jakadu, aka rufe iyaka. Shi kuwa Zayyad a wani ƙauyen bakin iyaka aka haife shi, inda ake auratayya tsakanin ɓangarorin biyu tun kaka da kakanni, kuma fasfonsa na tsohon suna ne.

A ofishin ƙasarsu aka ce da Babayo yanzu babu ƙasa mai wannan suna, sai an sabunta fasfon, kuma dole mai shi ya zo da kansa a ɗauki hoton yatsunsa. A ofishin maƙwabciya aka ce ƙauyen kam nasu ne, amma ba za su buga hatimi a takardar asibiti ba, tunda sabon sunan nan yana jikinta. Aka ƙara masa da cewa duk ɗan ƙasarsu da ya sa hannu a irin wannan takarda, za a karɓe fasfonsa.

Mahaifin Zayyad ya daɗe da rasuwa. Ƙannensa da suke uba ɗaya suka nemi biza, aka ce sai bayan wata guda.

Da azahar Babayo kan hau bene na bakwai, ɗakin da Hajjo take sayar da tuwo. Dattijuwa ce 'yar ƙasar maƙwabciya, ta iso Guangzhou bayan an fara rikicin. A ɗakin nata ma an raba tebur: waɗannan a bakin taga, waɗancan a bakin ƙofa, Hausa ɗaya suke yi amma ba mai miƙa wa wani yaji.

Babayo ya daɗe yana jin haushinta. Kowa tana gaisawa da shi, ban da Zayyad. In ya shigo sai ta kau da kai. Kwanonsa ma sai ta ba wani ya miƙa masa. Ko magana ta kama, iyakarta ta ce "abokin nan naka". Sau biyu Babayo yana ce masa su canja wurin cin abinci, ba a cin tuwon wanda ya tsani ƙasarka. Zayyad ya yi murmushi kawai, ya ce miyarta ce ta karɓe shi.

Ranar da ya rasu ko rufe ɗakin ba ta yi ba. Alhasan, mai yi wa 'yan kasuwa tafinta, ya kasa haƙuri.

"Hajiya, siyasa har a kan gawa? Ko ta'aziyya ba ki yi mana ba."

"Ku ci tuwonku kada ya huce," in ji ta, ta koma madafa.

Kullum da safe kuma Babayo kan gan ta a shagon masu kawo saƙo daga gida, tana tambayar ko ambulan ɗinta ya iso, Basinen shagon yana girgiza kai. Babayo ya ce a ransa, mutane na neman inda za su binne mamaci, ita tana jiran daddawa.

Ranar Juma'a da hantsi ya koma asibiti da Alhasan, ba wasiƙa. Ya roƙi a ƙara musu kwana uku. Ma'aikaciyar ta nuna masa agogo, ta ce ƙarfe biyu mota za ta zo ɗaukar gawar.

Suna nan tsaye sai ga Hajjo, mayafinta duk ƙanshin miya. Ba ta dubi kowa ba. Ta ajiye fasfonta a kan tebur, ta zaro wata tsohuwar takarda daga ambulan, duk ta yi ja don daɗewa. Ma'aikaciyar ta duba, ta sa Alhasan ya fassara mata, Alhasan ya karanta. Aka turo wa Hajjo takardar asibiti mai ɗauke da sabon sunan. Ta dangwala yatsa ba tare da ta tambayi komai ba, alhali ta san fasfonta ya tafi ke nan.

Saura abu ɗaya. Ma'aikaciyar ta ce ƙa'ida ce mai karɓar gawa ya faɗi sunan mamaci da bakinsa.

Hajjo ta yi shiru. Aka maimaita. Ta sunkuyar da kai.

"Baba, har a nan ma?" Babayo ya ce, ransa a ɓace. "Suna ne fa kawai."

Ta tura masa tsohuwar takardar.

"Kai ka faɗa mata. Shekara talatin da huɗu bakina bai kama sunan nan ba. Ba zan fara yau ba."

Babayo ya duba. Takardar haihuwar Zayyad ce, a wajen sunan uwa an rubuta Hajjo, a gefe kuma ungozoma ta ƙara da hannunta: haihuwar fari.