Muryar Malam Tanimu

Tun da aka hana ajiye komai a waya, muryoyin mamata suna rumbun ajiya na gari, dangi kaɗai ke buɗewa. Kullum Uwani takan je ofishin unguwa ta saurari marigayi mijinta, Malam Tanimu, yana tambaya ko shayi ya tafasa.

Yau ta ɗora yatsa a na'urar ofishin, allon ya yi ja.

"Inna, jiya kika fita takaba," in ji ma'aikaciyar. "An cire ki daga danginsa. Sai ƙaninsa ya buɗe."

"'Yata, ko jana'iza bai zo ba."

"To, abin da ba a buɗewa, gogewa ake yi."

Uwani ta koma gida, ta ɗora shayi. Ya tafasa har ya ƙone, tana ta gwada yadda Malam Tanimu yake yin tambayar nan.