Lodin Da Ya Haura

"Direba, ka haura da kilo ɗari da ashirin," in ji ma'aikacin sikelin awon motoci, yana nuna min jar fitila.

Daga kan kujerar tirelata na kira mai siton da ya yi min lodi, na wanke shi tas. "Buhu nawa kuka cusa min a ɓoye? Shekara ashirin ina tuƙi ba a taɓa tsare ni ba!" Ya rantse simintin nan buhu ɗari shida ne cif. Na kashe wayar a kunnensa.

In aka riƙe motar nan, aikina ya tafi. Sai na haɗiye girman kai, na sauko in roƙi ma'aikacin. Ina barin kan sikelin, fitila ta koma kore.

Ya dube ni, ya dubi fitilar. "Koma ka hau."

Na hau, ta yi ja. Na sauko, ta yi kore. Direbobin da ke layi har da tafi.

"Doka ta ce mota da kayanta, ba ta ambaci direba ba," ya ce, idonsa a kan tumbina. "Amma tsakaninka da Allah, maigida, kai direba ne ko kaya?"