Aljihun Hagu

Mai wanki ya kwance ƙullin kayan da direban babban gidan ya kawo, ya zaro ƙaramar rigar makaranta. Duk mako yakan tarar da tsakuwa uku a aljihun hagu, wuyan rigar a tattaune. Tsakuwoyin yana tara su a gwangwani.

Yau aljihun wayam, wuyan rigar lafiya lau.

"Malam, yaron ba shi da lafiya ne?"

"Ƙalau yake," in ji direban. "Babansa ne ya hana shi, wai ƙazanta ce."

Mai wanki ya gyaɗa kai. Direban bai san wanda uwar yaron ta rabu da shi kafin ta auri maigidansa ba.

Da motar ta tafi, mai wanki ya cusa wuyan rigar jikinsa a baki, ya ci gaba da guga.