Ƙusar Allon Yabo

"Yaya, ka sa a sauko da mutanen nan!"

"Rufe min baki. Yau za ka tona mana asiri?"

Ƙanin ya share gumi. Su biyu suka yi kwangilar benen nan, su biyu kuma suka san abin da ke cikin ginshiƙansa. Inda injiniya ya ce rodi takwas, huɗu suka sa. Siminti kuwa gaisawa kawai ya yi da yashi. Fenti da tayil suka rufe sauran, har alƙalan gasa suka zaɓe shi ginin shekara.

Ba su taɓa zaton a hawa na sama za a yi bikin ba da kyautar ba. Ga shi ya cika maƙil, ana kiɗa ana rawa. Matar ƙanin da 'yarsa na sahun gaba.

"Wanda bai faɗi jiya ba, yau zai faɗi?" in ji yayan. "Saki fuska, hoto ake ɗauka."

Shugaban alƙalai ya miƙo wa ƙanin guduma. Al'adar gasar ce magini ya kafa allon yabo a ginshiƙin tsakiya da hannunsa. Ya ɗora ƙusa a jikin ginshiƙin. Bai ko ɗaga gudumar ba, ƙusar ta shige kamar cikin sabulu.

Aka ɗau tafi. "Kai, wannan ƙarfi haka!"

Sai 'yarsa ta ja masa riga, tana kakkaɓe kanta.

"Baba, wa ke zubo min yashi daga sama?"