Kwamfuta Ta Uku

Kwana tara ke nan da tarewar Maman Lele a sabon gida, sama a hawa na biyu, kuma kwana tara ke nan kwamfutocinta biyu suna gaba da juna. Ta kan tebur ce ke ɗauke da zanen adon riguna, laftof kuma ita ce haɗe da keken da ke fitar da adon. A tsohon gida sai ta ajiye zane a wannan ta ɗauka a waccan. A nan kuwa ko gaisuwa ba sa yi.

Ba ta so kiran mai gyara ba. Tun ranar da kotu ta bar mata riƙon Lele, tsohon mijinta ya rantse ko ramin kura ta shiga sai ya ɗauke 'yarsa, kuma ba za ta ƙara ganin ko ɗankwalinta ba. Mutumin ba ya rantsuwar banza. Shi ya sa ta sauya gida, ta sauya lambar waya, ta sauya wa yarinya makaranta. Ko yayanta, uwa ɗaya uba ɗaya, sai jiya ta kwatanta masa gidan, don kada baƙon namiji ya shigo ya same ta ita kaɗai.

Yaya ya iso da hantsi, ya zauna a falo da jakarsa tsakanin ƙafafu, yana kurɓar shayi yana yaba iskar gidan.

Mai gyaran dattijo ne, ana ce masa Injiniya, tabarau rataye a wuya da igiya. Ya zare kebul ya hura, ya mayar. Ya kashe rauta, akwatin nan mai raba intanet, ya kunna. Yana yi yana yi wa kwamfutocin faɗa kamar mai kora awaki. Ashe laftof ce ta ɗauki sabon gidan wurin baƙi, ta kulle ƙofarta. Ya danna nan, ya danna can, sai ga zane-zanenta sun bayyana.

Har ta fara godiya, sai ya ɗora tabarau a hanci.

"Hajiya, kwamfuta nawa kika ce kuna da ita?"

"Biyu."

"To ga ta uku a kan layinki."

Ta leƙa. A ƙarƙashin nata biyu, da manyan baƙaƙe, an rubuta SARKIN-GIDA. Ta san sunan. A gabanta tsohon mijin ya raɗa wa laftof ɗinsa wannan suna, yana dariya, shekara huɗu da suka wuce.

Injiniya ya tambaye ta inda ta samo rautar. Ta ce tata ce, da kuɗinta ta saya, da ita ta taho cikin kayanta. Ya tambaya ko ta sauya lambar sirri. Ina! Wa ya tuna da wata lambar sirri? Ya girgiza kai, ya ce duk na'urar da ta taɓa shan ruwa a wannan rijiya, da ta matso kusa za ta zura guga da kanta, ko a rufe take, muddin ba a kashe ta ba.

"Kusa kamar yaya?" ta tambaya.

Ya nuna mata wasu 'yan sanduna huɗu a gefen sunan, duk a cike. Ya ce daga titi sanda ɗaya za a samu, daga ƙasan bene kuma biyu. Huɗu kuwa, in ba a cikin gidan nan ba, to a jikin bango.

Wallahi tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Yaya ya zabura yana salati. Ya danna wa ƙofa sakata, ya leƙa bayi, ya buɗe durowar kaya, ya durƙusa ya duba ƙarƙashin gado. Ita kuma ta manna kunne a bangon da ya raba ta da maƙwabtan da ba ta taɓa gani ba. Can ciki wani ya ja kujera. Ta toshe bakinta da mayafi.

Injiniya zai sauya lambar, ta riƙe masa hannu. Gara tana ganin sunan, aƙalla ta san inda yake.

Sai idonta ya faɗa kan agogo. Ɗaya saura kwata. Ƙarfe ɗaya ake tashin su Lele, kuma makarantar ba ta ba da yaro sai ga wanda ya zo da katin ɗauka. Idan ta fita, tsohon mijin zai bi ta har ƙofar makaranta. Idan ta zauna, yarinya 'yar shekara shida za ta tsaya ita kaɗai tana raba ido.

"Ke dai zauna, ƙanwata," in ji Yaya. "Ke yake fako, ba ni ba. Kawo katin, ki faɗa mini sunan makarantar. Ina da rai wani ya taɓa Lele? Haba!"

Hawaye suka zubo mata. Ɗan'uwa rabin jiki. Ta zaro katin daga cikin jakarta, ta kwatanta masa hanya har sau biyu. Ya rataya jakarsa ya fita, ta mayar da sakata, ta dawo ta tsaya bayan Injiniya, ta kafe sunan da ido tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Takun Yaya na sauka a matakala, sanduna huɗu suka koma uku. Ya kai hawa na ɗaya, suka koma biyu. Ƙofar ƙarfe ta ƙasa ta yi ƙara, saura ɗaya. Da motar Yaya ta tashi, SARKIN-GIDA ya ɓace daga layin.