Badukun da Ya Ji Sunan Takwaransa ta Waya

To, tunda ka ce tikiti ya shiga hannu saura ɗaure kaya, zauna in ba ka misalin wani tsohon baduku. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, sai dai in ya kafe a kan magana ko jaki albarka. 'Yarsa tilo tana aure can gabas, bayan teku, inda mijinta ke karatu. Da cikinta ya tsufa, surukin ya aiko da kuɗin jirgi don tsohon da matarsa su zo, ya kuma yi alkawarin in namiji aka samu sunan badukun za a sa masa. Tun daga ranar tsoho ya ƙwallafa rai a kan abu ɗaya, wato ranar suna ta same shi zaune a wurin, ya karɓi takwaransa da hannunsa ya tofa masa addu'a.

Ranar sayen tikiti, mai ofishin ya yi musu tayin inshorar tafiya. Ya ce in guguwa ko ambaliya ko girgizar ƙasa ta katse wa mutum hanya, kamfanin zai ɗauki nauyin masauki da abinci, har da wani jirgin in ta kama, amma da sharaɗin an yanki takardar tun kafin masifar ta auku. Matar ta kwance haɓar zaninta ta biya nata. Shi kuwa baduku dariya ya yi har da riƙe ciki. Shekara arba'in yana bin kasuwannin ƙauye da buhun fatu, ruwa ya sha dukansa, bai taɓa sayen laima ba sai ya ga hadari ya haɗu, kuma kullum yana samun mai sayarwa a bakin tasha. Duk hanyar gida yana tsokanar matar, yana kiranta sarauniyar matsorata. Ita dai ta ninke takardarta ta cusa a jaka, kusa da ƙullin yaji da daddawar da ta haɗa wa mai jego.

Saura kwana biyar su tashi aka haifi namiji. Tsoho ya hau jirgi baki har kunne. Amma a birnin da za su sauya jirgi, wata mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku da ruwa kamar da bakin ƙwarya, har filin jirgin ya koma tafki. Aka soke tashi, aka ce sai bayan kwana biyar za su samu gurbi, ga shi kuwa suna jibi. Matar ta karɓi takardar shaidar sokewa, ta roƙi wani ma'aikaci ya kira mata lambar da ke jikin inshorarta. Kafin la'asar an ba ta masauki, an kuma nemo mata kujera a wani jirgi da zai tashi washegari daga garin da ruwan bai kai ba. Baduku ya ga abu ya yi kyau, ya gyara hula, ya ce to shi ma yanzu a yanka masa irinta, ai hadarin ya haɗu. Aka faɗa masa cikin ladabi cewa ba a sayar da ita don abin da ya riga ya faru. Kuɗin waccan kujera kuwa, ko zai haɗa da rumfarsa da kayan aikinsa ba zai kai ba.

Matar ta ce ba inda za ta, shekara arba'in ba ta bar shi a hanya ba, ba yau za ta fara ba. Nan ne tsoho ya ba ni tausayi, ya kuma burge ni. Ya dube ta ya ce, "Tafi, Hajiya. Yarinyar nan uwa take buƙata. Ni kuwa taurin kaina ya ishe ni abokin zama." Ta tafi tana waiwaye tana share ido da gefen mayafi. Ranar suna da safe, yana zaune a kan benci cikin ɗaruruwan matafiyan da suka maƙale, ta kira shi ta ɗaga wayar sama. Ya ji an yi fatiha, ya ji an ambaci sunansa an ce Allah ya raya. Ya kara wayar a baki ya tofa addu'ar da ya yi wata guda yana tanadi, hawaye na bin gemunsa.

Don haka, ɗana, ka koma ofishin da ka sayi tikiti ka yanki inshorar nan tun hadari bai haɗu ba. Masu iya magana sun gama zance da suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.