Mai Tantance Aikin Nusaiba

"Sun ƙi aikina, Baba," in ji Nusaiba, tana duban wayarta. "In mujallar ba ta buga shi ba, digirina na dokta ya tafi."

Mahaifinta Farfesa Ma'azu ya ture kwanon furar da ke gabansa. Hutu ya kawo shi gida Dogon Dutsi. Sunansa ya kai ƙasashe ne saboda bincike guda kan ƙwayar halittar da ke sa hatsi jure fari, wanda masana ɗaruruwa ke kafa hujja da shi.

"Wa ya tantance?"

"Ka san tsarin, Baba. Bai san sunana ba, ban san nashi ba."

"Mahassadi ne! Karanto mini, ni zan amsa mishi."

Ta fara karanta rahoton mai tantancewar. Tun layin farko ya gyara zama. A na biyu ya tsayar da ita.

"A kan mi kika yi aikin?" ya tambaya a hankali.

Ta sunkuyar da kai. "Hatsin garin Dumega na gwada. Ba waccan ƙwayar taka ba ce ke sa shi jure fari. Na ɓoye maka ne don kar ranka ya ɓaci. Amma na san da kai aka ba aikin, da gaskiya za ka bi."

Ma'azu ya dubi 'yarsa.

"Nusaiba," ya ce, "ni aka ba."